Malam Mika'ilu Babban Gwani: Rayuwar Maginin Masallacin Zariya da Hikimarsa ta Sarrafa Zafi da Laima

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). An tattaro abin da ruwayar baka da rubuce-rubucen matafiya da na masana gine-gine suka adana game da shi, sannan aka dubi aikinsa ta fuskar da ba a cika dubawa ba, wato yadda gininsa ke sarrafa zafi da laima a cikin ɗaki. Maƙalar ta nuna cewa katangar ƙasa irin tasa tana aiki biyu a lokaci guda: tana jinkirta shigar zafi, tana kuma shan laimar iska ta mayar da ita. Waɗannan ayyuka biyu su ne masu bincike a yau suke nema a cikin haɗaɗɗun kayan gini masu narkewa da daskarewa. An kammala da cewa gadon Babban Gwani ilimi ne da ke hannun magina, kuma in aka bar sana'ar ta mutu, ginin da ta haifa ba zai daɗe a bayanta ba.

1.0 Gabatarwa

Tarihin ƙasar Hausa ya kiyaye sunayen sarakuna da malamai da mayaƙa, amma da wuya ya riƙe sunan mai sana'ar hannu. An san sarkin da aka yi wa ganuwa, ba a san wanda ya ɗora tubalinta ba. Malam Mika'ilu na cikin 'yan ƙalilan da suka tsallake wannan mantuwa. Kusan shekara 190 bayan ya gina masallacin Zariya, akwai unguwa a cikin birnin da ake kira da laƙabinsa, akwai kuma soro a fadar Bauchi da ake kira Babban Gwani.

Yawancin waɗanda suka yi rubutu a kansa sun fi mayar da hankali ga kyawun bakan gizo da zanen da ke jikin ginshiƙai. Sai dai duk wanda ya taɓa shiga tsohon soron ƙasa da tsakar rana a watan Afirilu ya san akwai wani abu da jiki ke fara ji kafin ido ya saba da duhun ɗakin, shi ne sanyi. Wannan sanyin yana da dalili, kuma dalilin yana cikin zaɓin ƙasa da kaurin bango da tsayin rufi da irin yaɓen da aka yi. Manufar wannan maƙala ita ce ta ba da tarihin mutumin tare da bayanin wannan ɓangare na gwanintarsa.

2.0 Zamaninsa da Laƙabinsa

Malam Mika'ilu ya rayu a farkon ƙarni na 19, lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, ya sauya shugabancin ƙasar Hausa. A 1808 Malam Musa ya karɓi birnin Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu da jama'arsa. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, kuma a daidai wannan zamani Yakubu ya kafa birnin Bauchi. Sababbin shugabannin malamai ne, abin da suka fara bukata a kowane gari shi ne masallacin da zai ɗauki jama'ar Juma'a, da wurin shari'a, da gidan sarauta. Saboda haka zamanin ya zama na gine-gine, kuma magini mai iya rufe babban fili ba tare da cika shi da ginshiƙai ba ya zama abin nema daga gari zuwa gari.

A sana'ar gini ta Hausa akwai matakai. Yaro yana farawa da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, daga nan ya koyi ɗora bango, sai yaɓe, sai rufi. Wanda ya iya ɗaura baka, ya rufe soro da tulluwa, shi ake kira gwani. A bisa magina kuma akwai Sarkin Magina, wanda ke tara su idan aikin fada ko na ganuwa ya taso. Laƙabin Babban Gwani yana nufin wanda ya fi gwanayen, kuma ruwayar da ake bayarwa a Zariya ta danganta ba shi wannan laƙabi da shugabannin Sakkwato. Bayansa laƙabin ya zauna a gidansa, zuriyarsa suka ci gaba da riƙe shi tare da sana'ar.

Littattafan masana gine-gine, irin su na J. C. Moughtin mai suna Hausa Architecture (1985), sun kira maginin masallacin Zariya da Malam Mika'ilu. A ƙasar Bauchi kuwa, maginin da ya zo musu daga Zariya ana tuna shi da sunan Muhammadu Durugu, shi ma da laƙabin Babban Gwani. Jama'a da dama sun ɗauki sunayen biyu na mutum ɗaya ne, don haka ayyukan da ke Zariya da Bauchi da Birnin Gwari duk suna tafiya a ƙarƙashin laƙabi guda.

3.0 Maginin da Clapperton ya Gani a Sakkwato

Rubutaccen bayani mafi daɗewa da ake dangantawa da shi ya fito daga Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Clapperton ya tarar ana gina masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya kuma zauna da shugaban maginan. A littafin tafiyarsa da aka buga a 1826 ya bayyana cewa mutumin ɗan ƙasar Zazzau ne, cewa mahaifinsa ya je Masar ya ga irin ginin can, kuma da zai rasu ya bar masa takardunsa. Maginin ya nuna matuƙar sha'awar wani ma'aunin lissafi da Baturen ya zo da shi, irin wanda masu safiyo da matuƙan jirgin ruwa ke amfani da shi. Clapperton bai rubuta sunansa ba, amma masana da dama suna ganin wannan Bazazzagin shi ne Malam Mika'ilu.

Wannan ɗan bayani yana da muhimmanci ta fuska uku. Na farko, ya nuna gidan gado ne, ɗa ya karɓa daga uba. Na biyu, ya nuna gidan ya san rubutu da zane a takarda, abin da ya dace da kiran maginin da Malam. Na uku, ya nuna mutum ne mai neman awo da lissafi. Ɗaya daga cikin hanyoyin aikin hajji na wancan zamani tana bi ta Masar, kuma wanda ya ga ƙubbobin Alƙahira na dutse da jan bulo, idan ya dawo gida dole ya tambayi kansa yadda zai yi makamancinsu da abin da ƙasarsa ta ba shi, wato jar ƙasa da giginya. Amsar wannan tambaya ita ce ta fito fili a Zariya bayan shekara goma da 'yan kai.

4.0 Masallacin Juma'a na Zariya

Sarki Abdulkarimu ya hau gadon Zazzau a 1834 bayan rasuwar Yamusa, shi ne kuma tushen gidan Katsinawa a cikin gidajen sarautar Zazzau huɗu. A zamaninsa aka gina sabon masallacin Juma'a a kusa da fada, aka damƙa aikin a hannun Malam Mika'ilu. Ginin ya ƙunshi babban zauren salla, da ɗakin shari'a, da zaurukan shiga inda ake alwala, da katanga da ta kewaye harabar.

4.1 Kayan Aikin

Duk abin da aka yi ginin da shi daga ƙasar Zazzau aka samo shi. Ana haƙo birji a kududdufi, a zuba masa ruwa, a haɗa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi kwanaki ya ruɓa kafin a sake kwaɓawa. Da shi ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen ɗora bango ana jera tubalin a tsaye, tsininsa sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a dakata sahu ya sha iska kafin a ɗora na bisa. Bangon yana farawa da kauri a gindi, yana raguwa yayin da yake hawa.

Ƙashin ginin shi ne azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, an fi son ta namiji saboda ƙarfinta. Azara ba ta ruɓewa da wuri, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Daga waje ana kare ginin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara. Ruwan sama kuma indararo ke fitar da shi nesa da jikin bango. A nan ana iya ganin yadda sana'o'in birni suka riƙe juna: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare, su ne rigar ruwan magini.

4.2 Bakan Gizo da Tulluwa

Matsalar azara ita ce gajarta. Idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin mita 2. Dabarar magina Hausawa ita ce su dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi, su ɗaure wata a kanta tana ɗan leƙowa ciki, su lulluɓe da ƙasa, su bari ya bushe, su ƙara wata, har hannu biyu su haɗu a sama su zama baka. Idan bakuna suka gicciye juna, sai a shimfiɗa gajerun azara a tsakaninsu, a rufe da ƙasa, tulluwa ta fito. Da wannan dabara ana iya rufe fili mai faɗin mita 7 ko 8.

Malam Mika'ilu bai ƙirƙiro baka ba, amma a masallacin Zariya ya kai ta inda ba a saba kai ta ba. Bakuna suna tashi daga manyan ginshiƙai, wasu tun daga ƙasa, suna haɗuwa a ƙarƙashin tulluwa, ta yadda sahun masallata ke samun sarari kuma rufin ya yi nisa da kawunansu. Jikin ginshiƙan ya sha zane da aka fitar da ƙasar kanta tun tana ɗanya, layuka da da'irori da kusurwoyi, ba tare da surar wani mai rai ba.

Ruwayar baka ta ce ma'aikata su ke shirya ƙasa da rana, shi kuwa da dare yake aikinsa, har wasu suka ce aljannu ke taya shi. Haka Bahaushe ya saba fassara gwanintar da ta fi ƙarfin saninsa. Amma duk magini ya san ƙasar da aka ɗora cikin tsananin rana tana saurin bushewa ta waje, cikinta da sauran ruwa, sai ta tsage. Aikin da aka yi da sanyin dare ko na asuba yana bushewa a hankali. Ɓoye sirrin sana'a ga idon abokan gasa shi ma dalili ne da ya isa.

5.0 Yadda Gininsa ke Sarrafa Zafi da Laima

Zariya tana da yanayi uku masu wuyar sha'ani ga magini. Akwai hunturu, lokacin da dare ke da sanyi kuma laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Akwai bazara mai zafi. Akwai damina, wadda ke sauke ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, iska kuma ta cika da laima a watan Agusta. Gini ɗaya ne zai fuskanci duk ukun.

5.1 Jinkirta Zafi

Aikin farko na katangar ƙasa shi ne ajiye zafi a jikinta. Bango mai kaurin rabin mita, kowace murabba'in mita ɗaya ta fuskarsa tana da nauyin kimanin kilogiram 900. Kafin wannan tarin ƙasa ya ƙara digiri ɗaya kacal a ma'aunin Salshiyas, sai ya sha zafi sama da kilojul 700. Saboda haka zafin da rana ta zuba wa bangon da azahar yana tafiya a hankali, ba ya isa cikin ɗaki sai bayan kusan rabin yini, kuma kafin ya isa ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Da rana ɗakin yana riƙe da sanyin daren jiya, da dare kuma yana sakin ɗumin rana. A hunturu wannan ɗumin shi ake so. Tsayin rufi yana ba iska mai zafi wurin hawa, ƙananan tagogi suna hana hasken rana kwararowa, tulluwa kuma saboda lanƙwasarta wani sashenta na cikin inuwa a mafi yawan yini.

5.2 Shan Laima da Mayar da Ita

Aiki na biyu ya fi ɓoyuwa. Yumɓun da ba a gasa ba yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma yana jan tururin ruwa daga iska. Idan laima ta yi yawa a ɗaki, bango ya sha, idan iska ta bushe, ya saki. Gwaje-gwajen da Gernot Minke ya jagoranta a Jami'ar Kassel ta ƙasar Jamus sun nuna ɗanyen tubali yana shan laima ninki da yawa fiye da gasasshen bulo, kuma laimar ɗakin ƙasa ba ta cika hawa da sauka ba a tsawon shekara.

Wannan shan laima yana da nasaba da zafi kai tsaye. Duk lokacin da ruwa ya zama tururi yana ɗauke zafi daga abin da yake jiki, kimanin kilojul 2,400 a kowane kilogiram. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Idan tururi ya koma ruwa kuma, sai ya saki wannan zafin. To, bangon ƙasa yana shan laima da dare lokacin da iska ta yi sanyi, ya sake ta da rana lokacin da ya ɗumama, kuma wajen sakin yana rage wa kansa zafi. Giram 4 na ruwa idan suka ƙafe suna ɗauke zafin da ya isa ya ɗaga kilogiram ɗaya na ƙasa da digiri 10. Makuba da laso suna tare ruwan sama, amma suna barin tururi ya fita, don haka bangon yana numfashi.

5.3 Abin da Masu Bincike ke Nema a Yau

Masana kimiyya suna kiran zafin da abu ke sha yayin da yake sauya hali, daga daskararre zuwa ruwa ko daga ruwa zuwa tururi, da ɓoyayyen zafi, domin ma'auni ba ya nuna ƙaruwarsa har sai sauyin ya kammala. A 1948 wata masaniya 'yar asalin Hangare, Maria Telkes, tare da mai zanen gine-gine Eleanor Raymond, sun gina gida a garin Dover na jihar Massachusetts ta Amurka, wanda ke ajiye zafin rana a cikin wani gishiri mai narkewa a digiri 32. Gishirin yana narkewa da rana, ya daskare da dare ya saki ɗumi. Tsarin ya yi aiki na 'yan shekaru, daga baya gishirin ya rabu da ruwansa, ya kuma ci gwangwanayen da aka zuba shi.

Daga wannan gwaji bincike ya ci gaba. A yau ana amfani da kakin farafin mai narkewa tsakanin digiri 20 da 30, wanda kilogiram ɗaya nasa ke shan kimanin kilojul 200 wajen narkewa. Ana ƙunshe shi cikin ƙwayoyi ƙanana a cuɗa da filasta, ko a shayar da shi ga wata ƙasa mai yawan ƙofofi domin kada ya tsiyaye. Irin wannan haɗi na biyu ana yin sa ne da niyyar a sami abu guda mai aiki biyu: kakin ya riƙe zafi, ƙofofin su riƙe laima. Amfaninsa shi ne siririn bango ya yi aikin mai kauri, domin kimanin kilogiram 4 na kakin suna shan zafin da kilogiram 900 na ƙasa ke sha idan suka ƙara digiri ɗaya.

Malam Mika'ilu bai san waɗannan alƙaluma ba, kuma kuskure ne a jingina masa ilimin da ba na zamaninsa ba. Abin da ya tabbata shi ne tambayar da ake yi a ɗakunan gwaji a yau, ta yadda bango zai daidaita zafi da laima ba tare da wutar lantarki ba, gininsa ya amsa ta da nauyi da yumɓu. Iyakar dabarun biyu ma ɗaya ce: duka suna bukatar dare mai sanyi domin su sauke abin da suka ɗauka da rana. Idan daren bazara ya ƙi yin sanyi, kakin ba zai daskare ba, bangon ƙasa ma zai kwana da zafi. Shi ya sa gidan Bahaushe yake da tsakar gida da rumfa, inda ake kwana a irin waɗannan darare.

6.0 Bauchi, Kafin Madaki da Ƙarshen Rayuwarsa

Sunan da masallacin Zariya ya jawo masa ya sa sarakuna suka riƙa aiko neman sa. A fadar Sarkin Bauchi akwai soron da har yau ake kira Babban Gwani. A Kafin Madaki, arewa da birnin Bauchi, akwai Gidan Madaki, wanda ake cewa an gina shi a 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, kuma Muhammadu Durugu Babban Gwani ake ba aikin. A 1956 aka sanya wannan gida cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare. Tsakanin masallacin Giɗaɗo na 1824 da gidan Kafin Madaki akwai shekara 36, kuma salon ɗaurin baka da ya ratsa waɗannan ayyuka shi ne shaidar cewa daga gida ɗaya suka fito.

Game da rasuwarsa, ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya yi masa gini, da aka gama sarkin ya ga kyawunsa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe daban-daban. Abin da yake nunawa a nan shi ne matsayin gwani a idon masu mulki: mutum ne da ake gasar mallaka, wanda darajarsa ke iya zama ajalinsa. Sarkin da ke cikin labarin ya ɗauka gwanintar tana cikin kan mutum ɗaya. Tarihi ya nuna ta riga ta shiga hannun 'ya'ya da almajirai, waɗanda suka ci gaba da gini a Zariya har cikin ƙarni na 20.

7.0 Makomar Aikinsa

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. Bayan kowace damina ana duba indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Muddin fada na tara magina domin wannan aiki, masallacin ya ci gaba da tsayuwa. Zuwan siminti da kwano ya rage wa sana'ar daraja, matasa suka koma ɗora bulo. Masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, kuma bisa awonsa aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya da ke Jos. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare a Zariya, wanda ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon zauren a cikinsa.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin masallacin ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, wasu suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a bangon kwana ɗaya kafin faruwar abin, ana kuma shirin kawo injiniyoyi. Wannan musiba ta nuna cewa kula da tsofaffin gine-ginen ƙasa magana ce ta rayukan mutane, kuma tana bukatar waɗanda suka san halin ƙasa da azara su riƙa duba su a kai a kai.

Batun bai tsaya a Zariya ba. A yammacin jihar Kebbi, a garuruwa irin su Kamba da Bagudo, zafin watan Afirilu kan haura digiri 40, kuma ɗakin bulo mai rufin kwano yakan gagari zama da rana, ga wutar lantarki ba tabbas. Alhali kuwa a tsallaken iyaka, a kwarin Dallol Mawri na yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, akwai dajin giginya da ya yi suna wajen samar da azara, ƙasar gini kuma tana ko'ina. Kayan da Babban Gwani ya yi aiki da su suna nan kusa da mutanen da zafi ya fi damu. Abin da ke ƙaranci shi ne gwanayen, da kuma giginyar da ake sara ba a dasa wata.

8.0 Kammalawa

Malam Mika'ilu ya gaji sana'a daga mahaifinsa, ya yi aiki a zamanin da sababbin masarautu ke bukatar manyan gine-gine, ya kai ɗaurin baka matuƙa a masallacin Zariya, ya kuma bar laƙabi da zuriya da salo. Gininsa ya haɗa kyau da sauƙin zama, domin ƙasar da ta ɗauki zane ita ce ke jinkirta zafi, ita ce ke daidaita laima.

Akwai aikin da ya rage wa jami'o'in Arewa. Sassan nazarin Hausa su ne suka fi cancanta su tattara kalmomin sana'ar da ruwayoyin gidajen magina tun tsofaffin suna raye. Sassan gine-gine da injiniya kuma su sa ma'aunin zafi da na laima a soraye irin na Kafin Madaki da Bauchi na tsawon shekara guda, su gwada birji da laso da makuba kamar yadda ake gwada kayan da ake shigowa da su, su kuma duba ko haɗa ƙasar gida da abubuwa masu narkewa da daskarewa zai ba da bango marar kauri mai sanyin na da. Bazazzagin da ya nemi ma'aunin lissafi a Sakkwato a 1824 ya nuna cewa gwanin gargajiya ba ya gudun awo. Magadansa na yau, na unguwa da na jami'a, su ma awon ya kamata ya haɗa su.